Shin Laifi Ne Miji Ya Kai Matarsa Gidan Abinci?

A ƙasar Hausa, da yawa na ganin magidancin da ya zauna da matarsa a gidan abincin unguwa ya zubar da girmansa. Amma a mu'amala asali halacci ne, sai an kawo dalilin hani. Imamu Muslim ya ruwaito daga Anas cewa wani maƙwabci Bafarishe, gwanin romo, ya gayyaci Annabi (SAW), shi kuwa ya ƙi zuwa sai da aka haɗa da Nana A'isha, suka tafi tare. Ashe cin abincin ma'aurata a wajen gidansu ba baƙon abu ba ne.

Masu ja za su ce can gidan maƙwabci ne, nan kuwa idon jama'a, kuma malaman fiƙihu sun lissafa ci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage mutunci. Haka ne, sai dai su da kansu sun jingina wannan hukunci ga al'ada, ita kuwa tana sauyawa da wuri da zamani. Abin dubawa shi ne sutura, halaccin abincin, da kamun kan masu zuwa wurin. Idan waɗannan sun cika, mijin da ya hutar da matarsa hayaƙin murhu dare ɗaya bai yi laifi ba, kyautatawa ya yi.