Kafin Ka Danƙa Shi a Hannun Wani

Ɗana, zauna mu yi magana a kan abin da gidaje da yawa a ƙasar Baure suke yankewa a tsaitsaye. Tsoho ya samu shanyewar ɓarin jiki, an kai shi Daura, an tura shi Katsina, an sallamo shi da ledar magani. Ko ƙanenka ne ya faɗi a babur a hanyar Babban Mutum, ya yi wata biyu a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ya dawo a keken guragu. 'Yan dubiya sun watse. Sai dangi su taru a zaure, kafin shayi ya huce an ce wane ne zai riƙa kula da shi. Shi kuwa yana ɗaki yana jin muryoyinsu, ba wanda ya leƙa ya tambaye shi.

Daga nan ake soma kuskure. Jikinsa za a riƙa ɗagawa, tsiraicinsa za a gani, asirinsa za a ji. Ƙafa ce ta mutu, ko ido, amma hankalinsa yana nan. Ka shiga ka durƙusa ka ce, "Baba, wa kake so?" In magana ta yi masa nauyi, kawo mutumin gabansa ka dubi fuskarsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In mace ce, mace za a nemo mata, kuma wadda take sakin jiki da ita. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan bar Abdullahi ɗan Ummi Maktum ya riƙe Madina idan ya fita, alhali makaho ne. Kai kuma kana ganin makahon gidanku bai isa ya zaɓi ɗan jagoransa ba?

Gwamnati ma ta yi nata. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan masarautarmu ta Daura, ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, aka kafa musu hukuma a 2020. Madalla. Sai dai doka ba za ta shigo ɗakin babanka da tsakar dare ta juya shi ba.

Wanda zai juya shi ɗin, gwada shi za ka yi, sati guda, kana wajen. Dubi yadda yake ɗaga shi. Mai hankali yakan yi sallama, ya faɗi abin da zai yi kafin ya taɓa mutum, ya taka wa keke birki, ya tallafo shi ta ƙugu. Wanda ya fizgo shanyayyen hannu zai gurɗe kafaɗa, ciwo ya zama biyu. Mai kwanciya yana buƙatar a juya shi kamar duk bayan awa biyu, a duba duddugensa da ƙugunsa da ƙarshen bayansa. Inda fata ta canza launi ko ta yi zafi, gyambo ne ke sallama, kuma gyambon kwanciya ya kai mutane da yawa kushewa. Kunu ma ba a ba shi a kwance. A zaunar da shi, cokali kaɗan-kaɗan, a jira ya haɗiye, don ƙwarewa ga mai shanyewar jiki ba wasa ba ce. In ba wanda ya iya, ka tafi da mai jinyar ranar ganin likitan gashin ƙashi, a nuna masa da hannu.

Na taɓa ganin wani saurayi yana jan kawunsa makaho ta bakin sanda a kasuwa, yana waya, har tsohon ya zurma ƙafa a kwata. Da ya bar shi ya dafa kafaɗarsa, yana gaya masa ga rami ga tudu, da ba a yi haka ba.

Sannan ka tambayi mai jinyar ƙarara: in damina ta sauka, gona ko jinya? In an gama kaka, zai tafi ci-rani? Ka san halin samarinmu, rani na yi sai Kano, sai Legas. Kada ka ce ga almajiri ko ga 'yar wane da za a cire daga makaranta. Yaro ba zai ɗaga babba ba, kuma ka ɗauki alhakinsa. Araha ba ta ado. A yanke lada a gaban shaidu, ko ɗan'uwa ne, a ware masa ranar hutu, domin gajiyayye shi ke tsawa.

Katin banki da lambarsa su zauna a hannun mai su, ko wanda shi ya yarda da shi. Ka kuma bincika bakin mai jinyar: wanda zai kai labarin fitsarin dattijo teburin mai shayi bai dace ba, komai ƙarfinsa.

In satin ya cika, ka fitar da kowa daga ɗakin, ka tura ƙofa, ka sake tambayar Baba. In ya ce a canza, ka canza, ko da ɗan ƙanenka ne.