Sadakar Da Ake Yi Wa Shela

Tun ranar da na halarci wani taron gidauniya a garinmu, inda aka tara attajirai da manyan ma'aikata a ƙarƙashin rumfa domin gina ɗakin haihuwa a wata unguwa, akwai wata mas'ala da take yi mini kai-kawo a zuci. Sanƙira yana riƙe da lasifika, yana kiran sunan kowane mai bayarwa tare da adadin abin da ya bayar, jama'a kuwa suna tafi gwargwadon nauyin kuɗin. Can a bayan rumfa sai na hangi wata tsohuwa mai ƙosai ta kwance bakin zanenta, ta jefa 'yan kuɗi a nannaɗe cikin kwanon da wani yaro yake zagayawa da shi, ta koma wurin kaskonta ba wanda ya tambayi sunanta. A lokacin zuciyata ta yanke hukunci cewa tsohuwar nan ita kaɗai ta yi sadaka. Amma da aka gama ginin, ma'ajin gidauniyar ya shaida mini cewa, ko da yake alkawura da dama sun bi iska, galibin bulo da kwanon rufi sun fito ne daga aljihun waɗanda aka yi wa tafi, har da wasu da ba su zo da niyyar ba da ko anini ba sai da suka ji an ambaci tsaransu. Daga nan hukuncin nawa ya fara rawa.

Ƙungiyoyin hidimar jama'a na Turawa sun daɗe da mai da wannan ɗabi'a ta ɗan Adam tsari mai ƙa'ida, kuma mafi shahara a cikinsu ita ce Rotary, wadda wani lauya mai suna Paul Harris ya kafa a birnin Chicago na Amurka ranar 23 ga Fabrairu, 1905, shi da abokansa uku: mai sayar da gawayin kwal, da injiniyan ma'adinai, da tela. Asalin maƙasudinsu zumunci ne da taimakon juna a sana'a, suna kewaya ofisoshin junansu domin zama, kuma daga wannan kewayawa sunan ya samo asali. Hidimar gari daga baya ta shigo, aikinsu na farko kuwa, abin da bai kamata mai girman kai ya raina ba, gina makewayi ne na jama'a a Chicago. A 1917 suka buɗe asusun alheri da dala 26 da santi 50, a 1957 kuma suka ƙago lambar girma mai sunan Paul Harris, wadda ake bai wa wanda ya zuba dala 1,000 a asusun, ya maƙala ta a ƙirjin rigarsa kowa ya gani. Wato abin da sanƙiranmu yake yi da baki na yini ɗaya, su sun ƙera shi da ƙarfe domin ya dawwama.

To, shin wannan riya ce? Malamanmu ba su bar mas'alar a buɗe ba, ko da yake ba su rufe ta da kalma ɗaya ba. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yabi sadakar da aka bayyana, sa'an nan ta fifita wadda aka ɓoye aka kai wa matalauta. Hadisi kuma ya lissafa mai ɓoye sadakarsa cikin mutum bakwai da za su sami inuwa ranar da babu wata inuwa sai ta Ubangiji. Amma a shekara ta 9 bayan Hijira, da za a fita yaƙin Tabuka cikin tsananin zafi da ƙuncin guzuri, a bainar jama'a aka yi kiran taimako, a bainar jama'a Sayyidina Umar ya kawo rabin dukiyarsa, Sayyidina Abubakar ya kawo tasa duka, Sayyidina Usman ya ɗauki nauyin kaso mai yawa na rundunar, kuma da an ɓoye waɗannan da ba su iso kunnenmu ba balle mu yi koyi. Imamul Gazali, a babin asiran zakka na littafinsa Ihya'u, ya auna ɓangarorin biyu, ya nuna cewa ɓoyewa ta fi kuɓutar da mutum daga riya da neman suna, bayyanawa kuwa tana da gurbi idan ana sa ran wasu za su yi koyi kuma mai bayarwa ya amince wa zuciyarsa.

Abin da na fahimta daga wannan, Allah shi ne masani, shi ne ayar ta haɗa ɓoyewa da ambaton matalauci, domin sirrin yana kare mutum biyu: yana kare mai bayarwa daga ujubu, yana kare mai karɓa daga tozarta. Idan abin da za a yi rijiya ce, ko makaranta, ko rigakafin annoba, babu fuskar wani bawan Allah da za ta sunkuya saboda an faɗi adadi, saura kawai niyyar mai bayarwa, ita kuwa niyya ba hurumin sanƙira ba ce, ba kuma hurumina ba. Amma idan aka jera marayu da zawarawa a rana, aka ɗora wa kowa ƙullin shinkafa a ka, aka hana shi tafiya sai an ɗauki hoto, to an sayi mutuncinsa da abin da bai kai kuɗin mai hoton ba, kuma Alƙur'ani ya yi kashedi a sarari game da ɓata sadaka da gori da cutarwa.

Hujjar bayyana sadaka da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ta shan inna. A 1985 Rotary ta ɗauki alkawarin yaƙar cutar a duniya, kuma irin kuɗin nan na masu lamba a ƙirji yana cikin abin da ya sayi maganin da aka ɗiga wa 'ya'yanmu. Ƙungiyar ba baƙuwa ba ce a nan, domin reshenta na farko a Nijeriya a Kano aka kafa shi a 1961, kuma ɗan reshen nan, lauya Jonathan Majiyagbe, shi ne mutumin Afirka na farko da ya shugabance ta a duniya, daga 2003 zuwa 2004, daidai lokacin da aka dakatar da rigakafin a Kano saboda zargin da aka yi wa maganin. Ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar da cewa asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka. Yaron da yake gudu da ƙafafunsa a yau bai san ko wanda ya biya kuɗin ɗigonsa mai ikhlasi ne ko mai son tafi ba. Wannan hisabi yana jiran mai shi a gaba.

Inda nake jin tsoro shi ne wajen neman sababbin membobi, domin ƙungiya idan ta tsufa takan fara ƙirga kawuna maimakon ayyuka, ta riƙa zawarcin mai muƙami saboda muƙaminsa, shi kuma ya shigo domin cin abinci da manya, ya biya kuɗin shekara sau ɗaya, a neme shi a rasa. Manoman da suke kiran gayya ba su taɓa yin wannan kuskure ba, domin duk wanda ya amsa kira fartanya ake miƙa masa, a nuna masa kunyarsa, kuma gumin da aka yi tare shi yake dawo da mutum gayya ta gaba. Saurayin da aka tura ya raka ma'aikatan rigakafi gida-gida na mako guda ya fi kusa da zama ɗan ƙungiya na haƙiƙa bisa wanda aka ɗora a babban teburi ranar da ya shigo.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu, na unguwa da na tsofaffin ɗalibai da na 'yan kasuwa, su ci gaba da shelar abin da aka bayar domin aikin jama'a, su bi kowane alkawari har a cika shi, su karanta wa membobi lissafin shige da fice a fili, amma ranar rabon abinci ga mabukata su sallami mai hoto, su kai kayan gida-gida bayan sallar isha'i.