Ina Ruwan Indararonmu Ya Ke Zuwa?

'Yan'uwa, in ruwa ya ci gidan wani a gangaren unguwa, mu kan ce tsautsayi ne. Ashe kullum haka ne? Bari mu yi lissafi.

A gona ƙasa ta kan sha ruwan sama. A birni kuwa kwano da siminti da kwalta ba su sha. Rufi mai murabba'in mita 100, in an yi ruwa na milimita 30, sai ya zubo da lita 3,000, wato duro 15. Gida ɗaya ke nan, a dare ɗaya.

A birnin Kano, kududdufan da aka haƙa domin ƙasar gini su kan tare ruwan damina, saura ya bi rafin Jakara. Da aka cike da yawa daga cikinsu aka yi gini a kai, ruwan bai ragu ba. Masauki kaɗai ya sake, ya shiga ɗakin talaka da ke cikin kwari.

Ba wanda ya yi nufin mugunta. Wannan ya shafe tsakar gidansa da siminti, wancan ya zuba shara a lambatu. Amma rashin nufi ba ya ta da bangon da ya faɗi. Maƙwabcinmu ba na jikin katanga kaɗai ba ne. Duk wanda ruwanmu ya ke iskewa, maƙwabci ne, hakkinsa kuwa yana wuyanmu. Saboda haka kafin damina mu yashe lambatu, mu kuma bar wa ƙasa wurin sha a tsakar gida.