Wa Ya Ga Yatsan Mai Gyaran Agogo?

Ga wata tambaya da ta daɗe tana damuna. In mutum ya yi aiki inda ido ba ya gani, ya bar ɗan aibi wanda ba zai bayyana ba sai bayan wata shida, za a lissafta masa laifi?

Agogo ne ya tayar mini da maganar. A ce wani manomin rani a Madobi yana da agogon da ya gada wurin mahaifinsa, irin wanda a ke yi wa wani kowace safiya. Ran nan ya tsaya cik. Ya kai shi Kano wurin mai gyara, aka ce sifirin ne ya karye.

Sifirin ɗin nan siririn ƙarfe ne, kaurinsa wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita, a naɗe cikin wani ɗan gwangwani. Wanda ya san madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, ya san aikinsa. Kamar yadda ta ke tare ruwa tana sakinsa kaɗan kaɗan zuwa gonakin Kura da Bunkure, haka sifirin ya ke riƙe ƙarfin da ka ba shi da safe, yana sakinsa har kwana ɗaya da rabi.

Akwai abin aiki na musamman da a ke naɗe sabon sifirin da shi, a tura shi cikin gwangwanin ba tare da an taɓa shi ba. Amma ba kowane mai gyara ke da shi ba. Wanda ba shi da shi sai ya maƙala bakin sifirin na waje a jikin gwangwanin, ya riƙa cusa shi da yatsa, zagaye bayan zagaye. Nan ne wahalar ta ke. Gama zufa tana da gishiri, gishiri kuwa yana kawo tsatsa ga ƙarfen dā, inda ya yi tsatsa kuma nan zai karye. Ɓarɓashin fata da ƙurar hunturu su kan gauraye da mai. In kuma aka matsa shi da gaggawa, sai ya tashi tsororuwa, ya riƙa gogar murfin. Da an rufe, agogo ya kama tafiya sarai, mai shi ya biya ya tafi da murna.

Waɗansu za su ce, "Ai talaka ne, ba shi da kayan aiki, me zai yi?" Gaskiya ne, ba na kuwa ganin laifin rashi. Amma sabulu da ruwa ba su fi ƙarfinsa ba, haka safar roba ta yatsa, da hantsaki, da ƙyalle mai tsabta. Wanda ya rasa kayan aiki dabam ya ke da wanda ya ce a ransa, "Wa zai sani?"

Waɗansu kuma za su ce tun da kamfanin Elgin na Amurka ya fito da sifirin marar tsatsa a 1947, zufa ta daina ɓarna. Ta ragu dai. Datti yana nan, lanƙwasa tana nan, mai gyara kuma ba kullum ya ke sanin irin ƙarfen da ke hannunsa ba.

Amma fa kada mu ɗora masa kayan duka. Mu masu kai gyara mu kan taya aikin sa'a biyu da kuɗin goro, mu tsaya a kansa muna cewa motar gida za ta tashi. Wanda ya hana ma'aikaci lokacin wanke hannu, yana da rabo cikin tsatsar. Ni kaina na yi haka, na kuwa koma da agogona kafin damina ta faɗi.

A ganina mai gyaran yana da laifi tun ranar da ya rufe murfin yana sane, ko sifirin ya karye ko bai karye ba. Da ya ce wa manomin, "Baba, da hannu zan sa shi, ka bar mini shi sai jibi," da zaɓi ya koma hannun mai agogo, ko ya jira, ko ya nemi wani.