Kyan Ɗa Ya Gaji Ubansa

Idan aka ce kyan ɗa ya gaji ubansa, da yawa gida da gona suke hangowa. Amma akwai gadon da alƙali ba ya rabawa, sai mutum ya sha hayaƙi a bakin murhu shekara da shekaru kafin ya zauna masa a hannu. A ganina irinsa karin maganar nan ta fi nufi.

A tsohon birnin Delhi na ƙasar Indiya, cikin wani lungu daura da babban masallacin Juma'a da Sarki Shah Jahan ya gina, akwai gidan abinci mai suna Karim's. Yadda zuriyar ke ba da labari, kakansu Muhammad Aziz kuku ne a fadar Bahadur Shah Zafar, sarkin Mughal na ƙarshe. Bayan boren 1857 Turawan Ingila suka tuɓe sarkin suka kai shi Rangun. Fada ta watse, kuku ya bar gari da abin da hannunsa ya sani kawai. A 1911, da jama'a suka cika Delhi saboda zuwan Sarki Joji na Biyar, ɗansa Haji Karimuddin ya dawo ya kafa rumfa yana sayar da miyar nama da dankali, haɗe da gurasa. A 1913 ya buɗe gidan, har yau kuma yana hannun zuriyarsa.

Da gado kwaikwayo ne, da sai a ce Karimuddin bai gaji ubansa ba, domin uban sarakuna ya dafa wa, shi kuwa ɗan dako da matafiyi. Abin da ya riƙe shi ne awon kayan yaji, da haƙurin barin tukunyar nihari, wato wata irin miyar nama, ta kwana a kan wuta kaɗan-kaɗan, har naman ya saki ƙashi kafin masu karin kumallo su iso. Wannan ba a koyonsa da baki, sai yaro ya tashi da asuba tare da babba.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga ɗan mai tsire ko 'yar mai masa sun yi boko sun koma jin kunyar sana'ar da ta biya musu kuɗin makaranta. Karatun nan ai shi ya kamata ya gyara lissafi da tsaftar wurin. Sau da yawa ranar da tsohuwa ta kwanta ciwo babu wanda ya san yawan tsamin da ƙullun yake so, sai a kife tanda, masu saye su koma wani layi.