Wa Zai Auna wa Mai Mudu?

A wurin da nake aikin rubuta manhaja akwai wata ƙa'ida da ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: duk abin da ka rubuta, sai wani abokin aiki ya duba ya amince kafin ya isa wayoyin mutane. Lokacin da na fara aiki na ɗauki wannan a matsayin raini. Daga baya na gane ba ƙwarewata ake tuhuma ba. Ido ne ba ya ganin kansa, kuma mutum yakan yi wa kuskurensa uzuri tun kafin ya gama aikata shi.

Wannan ƙa'ida nake tunawa duk lokacin da na karanta labarin Bell, wani ƙaramin gari kusa da Los Angeles a jihar Kalifoniya ta Amurka. Mazaunansa ba su kai dubu 40 ba, akasarinsu ma'aikata ne masu ƙaramin ƙarfi. A watan Yulin 2010 jaridar Los Angeles Times ta bankaɗo cewa manajan garin, Robert Rizzo, yana karɓar kusan dala 800,000 a shekara, wato kusan ninki biyu na albashin shugaban ƙasar. Shugaban 'yan sandan garin yana karɓar fiye da dala 450,000. Yawancin kansilolin da jama'a suka zaɓa kuma suna kwasar kusan dala 100,000 kowannensu, a aikin da ba na kullum ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne hanyar da aka bi. Dokar jiha ta sa iyaka ga abin da kansiloli za su karɓa. Sai a 2005 aka shirya ƙuri'a ta musamman domin garin ya koma bin kundin dokokinsa na kansa, abin da ya ba shugabanninsa kafar cewa wannan iyaka ba ta hau kansu ba. Mutanen da suka kaɗa ƙuri'ar ba su kai 400 ba. Daga nan kansilolin suka riƙa karɓar kuɗi da sunan zama a wasu hukumomin gari, waɗanda wasunsu zaman 'yan mintoci suke yi, wasu lokuta ma ba sa zama.

Tambayar ita ce: idan mutum ya bi doka, amma shi ne ya ɗinka dokar daidai jikinsa, ya fita hakki?

A kotu, kansilolin sun kare kansu da cewa sun yi zaton albashin nasu halal ne bisa doka, domin jami'an da ya kamata su sani ba su ce musu akwai matsala ba. A 2013 an samu biyar daga cikinsu da laifin karkatar da dukiyar jama'a, aka wanke ɗaya. A 2014 aka yanke wa Rizzo ɗaurin shekara 12. To amma a ce takardun sun cika, lauyoyin sun fi haka wayo, kotu ta sallami kowa. Shin kuɗin zai tsarkaka? A ganina a'a. Doka takan samu girmanta ne daga yardar waɗanda za ta hau kansu. Idan mai amfana da ita ne ya rubuta ta a lokacin da hankalin jama'a yake wani wuri, abin da ke hannunsa takarda ce mai hatimi, ba yardar mutane ba. Amana ta riga takarda, kuma ita ce aka ci a Bell.

Sai dai akwai gefe na biyu da bai kamata fushi ya rufe mana ba. Wasu na cewa wanda aka zaɓa ya yi aiki don Allah, ko a ba shi ɗan abin mota kawai. Maganar tana da daɗin ji, amma ƙarshenta kujerar za ta zama ta masu kuɗi kaɗai, ko ta wanda zai nemi ladansa ta bayan fage. Malamin makaranta ko mai shago da zai bar sana'arsa don ya wakilci unguwarsu yana da iyalin da zai ciyar. Biyansa hakki ne. Matsalar tana wajen wanda yake riƙe da mudun.

Amurkawa sun daɗe da sanin wannan. Tun 1789 James Madison ya gabatar da gyara ga tsarin mulki cewa duk canjin albashin 'yan majalisar tarayya ba zai fara aiki ba sai an yi sabon zaɓe. Sai a 1992 gyaran ya samu amincewar isassun jihohi. Hikimarsa a fili take: ka iya ƙara albashi, amma ba za ka ci ba sai ka koma gaban masu biya sun sake zaɓarka.

Ko wannan ma ba ya aiki idan masu biyan ba su zo ba. Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba na ɗora wa mutanen Bell laifin satar da aka yi musu. Mai fita aiki tun asuba ba shi da lokacin karanta kundin dokoki, kuma an shirya ƙuri'ar ne yadda ba za ta ja hankali ba. Da suka ji labari sun cika zauren majalisa, kuma a 2011 suka yi wa kansilolin kiranye. Amma shekara biyar ta wuce tsakanin ƙuri'ar da labarin jarida, kuma harajinsu ne ya tafi a cikinta.

A wurin aikinmu, idan mai dubawa ya danna amincewa ba tare da ya karanta ba, ranar da manhaja ta lalace su biyu ake kira. Takardar albashin wanda ka zaɓa ma tana jiran mai dubawa, kuma sunanka ne a gurbin.