Wa Ya Cancanci Riƙe Aji Ɗaya?

A makarantun firamare da yawa, idan sabuwar shekarar karatu ta kama, shugaban makaranta yakan zauna ya raba wa malamansa azuzuwa. Malamin da ya fi gogewa akan ba shi aji shida, domin jarrabawar shiga sakandare tana tafe. Sabon malami kuwa, ko wanda ake ganin rauninsa, sai a tura shi aji ɗaya. Hujjar a bakin kowa take: ai ƙananan yara ne, a, b, c ne kawai da ɗaya, biyu, uku. To, ko wannan rabo adalci ne?

Kafin a amsa, ya kamata a duba abin da ake nema daga yaro ɗan shekara shida. Ana so ya gane cewa maganar da take fita daga bakinsa tana rarrabuwa zuwa sautuka, kowane sauti kuma da alamarsa a kan allo. Zai haɗa baƙi da wasali su zama gaɓa, ya haɗa gaɓa da gaɓa su zama kalma. Zai lura cewa ɗan lanƙwasan da ke kan harafi shi ne ya raba "kafa" da "ƙafa", ya daina juya b ta koma d. Babba yana ganin wannan abu ne mai sauƙi domin ya manta wahalar da ya sha kafin ya iya.

Haka yake a lissafi. Yaro yana iya rera ƙirga daga 1 zuwa 100 kamar waƙa, amma a ce ya miƙo tsakuwa bakwai ya kasa. Malamin da ya san aikinsa yakan sa yara su ɗaure tsinke goma-goma, har su gani da idonsu cewa 14 ɗauri ɗaya ne da tsinke huɗu, 41 kuwa ɗauri huɗu ne da tsinke ɗaya. Harshen Hausa ma yana taimako a nan, gama "goma sha huɗu" ta riga ta faɗi abin da ke cikin lambar. Yaron da wannan ya wuce shi zai yi ta tarawa da ɗebewa a makance har ya gama firamare.

A shekarar 1986 wani masanin ilimin karatu mai suna Keith Stanovich ya bayyana yadda ɗan ƙaramin bambanci a farkon koyon karatu yake girma. Yaron da ya iya haɗa haruffa da wuri yana jin daɗin karatu, sai ya ƙara karantawa, ya ƙara sanin kalmomi. Wanda ya sha wuya yana gudun littafi, tazarar da ke tsakaninsu kuwa tana faɗaɗa kowace shekara. Masanin ya kira wannan da sunan Matta, saboda misalin talanti da ke sura 25 ta wannan Bishara, inda aka ƙara wa mai abu, marar abu kuwa ya rasa ɗan abin da ke hannunsa. A shekarar 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. Tushen wannan asara yana cikin azuzuwan farko.

Shugaban makaranta ma yana da tasa hujja, ba kuwa ta banza ba ce. Malamai sun yi masa kaɗan, iyaye kuma da sakamakon aji shida suke auna makaranta. In yara sun faɗi a can, kowa zai ji. In an yi sakaci a aji ɗaya, babu mai tuhumarsa, gama laifin ba ya bayyana sai bayan shekara huɗu ko biyar, a lokacin kuwa yaron za a kira daƙiƙi. A nan ne rashin adalcin yake: manya ne suka yi zaɓin, ƙaramin da ba shi da bakin ƙara shi yake biyan bashin. Gogaggen malamin aji shidan ma faci kawai yake yi a ginin da harsashinsa ya riga ya karkace.

Nijeriya ta ƙaddamar da shirin UBE a 1999, dokar 2004 kuma ta mai da ilimin matakin farko kyauta kuma dole. Amma hakkin yaro bai ƙare a samun wurin zama a aji ba. Wanda aka rubuta sunansa a rajista, aka yi ta ciyar da shi gaba shekara shida bai iya karanta wasiƙa ba, an cika masa alkawari a takarda, an karya shi a aikace.

Saboda haka nauyin yana kan duk wanda yake riƙe da makaranta, ta gwamnati ce, ta ikilisiya ko ta ɗan kasuwa. A ba aji ɗaya malami mafi haƙuri da gwaninta, a girmama shi kamar na aji shida, a rage cunkoson yaran da ke gabansa. Iyaye kuma su daina gamsuwa da jan maki a littafin aiki. Da yamma su zaunar da yaro, su nuna masa kalmar da bai taɓa gani ba ya karanta, su zuba masa ƙwayar masara ya ƙirga. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar rabon azuzuwa kuwa, wanda ya fi kowa iya tanƙwarawa shi ya cancanci aji ɗaya.